Tukunya Biyu a Gidan Malam

A wata unguwa ta cikin birnin Kano, ba nisa da Kasuwar Kurmi, akwai wani dattijo maɗinki wanda babba da yaro suke kira Malam. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, ba a taɓa jin kansa da maƙwabci ba, in kuwa aka yi rasuwa a unguwa yana cikin masu fara isowa. Amma duk wanda ya san cikin gidansa ya san cewa fiye da shekara 30 uwargidansa ba ta taɓa ɗora tukunyar miya guda ɗaya ta sauke ta ce ta gama girki ba. Kullum tukwane biyu ne a kan murhu, babba ta mutanen gida, ƙarama ta Malam. Ko itace ya yi tsada, ko damina ta jiƙa shi hayaƙi yana cika mata ido, sai ta hura wuta biyu, domin abin da gida ke ci Malam ba ya ci.

In aka ce za a lissafa abin da Malam ba ya sa wa a baki, sai an shimfiɗa tabarma. Ba ya shan miyar ɗanyar kuɓewa, ba ya shan karkashi, ba ya shan lalo. Duk abin da ke da yauƙi, da ya ga ya biyo loma yana ja kamar zare sai zuciyarsa ta tashi. Gauta da shuwaka ko kusa da kwanonsa ba a kai su. Albasa sai an niƙe ta ta ɓace, in ya tsinci yankinta a miya ya tsame hannu ke nan. Sa'an nan ba ya cin kwaɗo kowane iri, na rama ne ko na zogale ko na tafasa, ba ya cin ɗanwake, ba ya cin awara, ba ya taɓa alawa. Abincinsa sananne ne kamar hanyar masallaci: da safe shayi mai sukari cokali uku da burodi, da rana fura, da dare tuwon shinkafa da miyar kuka mai kauri wadda ta ji nama da man shanu, bayan lisha kuma a aiki yaro bakin titi ya sayo tsire. A unguwa ba wanda ya taɓa ganin aibun wannan. Abokansa cewa suke yi Malam mutum ne mai ƙa'ida, bakinsa ya san daɗi.

Hausa ba ta rasa sunan wannan hali ba. Ana cewa tsirfa, ana cewa zaɓen abinci, in abin ya haɗa da tashin zuciya a ce ƙyanƙyami. Abin lura shi ne, sunan yakan sauya gwargwadon wanda ke da halin. Yaro in ya ture kwano sangarta ce, maganinta a ɗauke kwanon a bar shi, tun da masu iya magana sun ce yunwa maganin muguwar dafuwa. Mace in ta ce ba ta cin abu kaza, iyayi ne ko yanga, sai fa in tana da juna biyu, shi ne ake ɗaga mata ƙafa na 'yan watanni. Amma magidanci in ya ture kwano ba shi ake tuhuma ba, wadda ta dafa ake tuhuma. A gidan da ke da mata biyu ko uku kuwa, mayar da kwano a cike ranar girkin wata yakan zama bulalar da ba ta barin shaida a jiki, alhali kowa a tsakar gida ya ji saukarta. Wato hali guda ne, amma ga yaro laifi, ga mace abin gori, ga maigida kuwa alamar iko.

Wadda ta fara lura da cewa tsirfar Malam ba iri ɗaya ba ce ita ce 'yar autarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka ba ya kiran sunanta, Uwata yake ce mata, ita kuwa ta sami sakin fuskar da yayyenta ba su samu ba. Tun tana ƙarama ita ke kai masa kwano zaure tana ɗaukowa, har ta girma ta shiga makarantar koyon aikin jinya. Ta lura in aka yi kuskure ludayin kuɓewa ya taɓa miyarsa, fuskarsa ke fara faɗa kafin bakinsa: ya yamutse, maƙogwaronsa ya motsa, ya nemi ruwa. Amma in ya shigo tsakar gida ya tarar mata sun kewaye kwanon kwaɗon rama, ko kaɗan fuskarsa ba ta nuna ƙyama. Yakan ɗan tsaya, ya dubi kwanon fiye da yadda mai ƙyama zai duba, sa'an nan ya ce, "Ku dai mata da kayan kwaɗayi," ya wuce. Daga nan ta raba abin da mahaifinta ba ya ci kashi biyu, akwai wanda jikinsa ke ƙi, akwai kuma wanda wani abu dabam ke hana shi.

Game da kashi na farko, ilmin zamani ya wanke mutane irin su Malam daga zargi mai yawa. A shekarar 1931 wani masanin haɗa sinadarai a Amurka, Arthur Fox, yana zuba wani gari cikin kwalba sai ƙurarsa ta tashi. Abokin aikinsa da ke gefe ya yi kukan ɗaci ya cika masa baki, shi kuwa Fox, wanda ya fi shi kusa da garin, bai ji komai ba. Da aka bi diddigi aka gwada mutane da yawa, sai aka gane cewa jin ɗacin wannan sinadari gado ne, wani ya gada wani bai gada ba, kuma a shekarar 2003 aka gano ƙwayar halittar da ke da alhakin haka. Dangin wannan sinadari suna nan cikin ganyaye irin su kabeji. Ke nan mutum biyu za su iya sa hannu a kwano ɗaya, amma abin da ke isa harshen kowannensu dabam ne. Haka nan yauƙi da wari da kaushin abu a baki, wani ba ya ko lura da su, wani kuwa su ke rufe masa maƙogwaro. Har ma a shekarar 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa matsanancin ƙin abinci cikin jerin lalurorin da ake dubawa, wato wanda ya kai mutum ga rama, ko ƙarancin abin gina jiki, ko kasa cin abinci cikin jama'a, ba don yana neman rage ƙiba ba. Ba kowane mai tsirfa ne ya kai wannan matsayi ba, Malam ma bai kai ba, amma hakan ya isa ya nuna cewa wanda ya ce abincin wani gubar wani bai yi ƙari ba.

Tun kafin wannan bincike addini ya riga ya ba irin wannan ƙi gurbinsa, ya kuma koyar da ladabinsa. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa an taɓa gabatar wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen naman damo a ɗakin matarsa Maimuna, sai ya janye hannunsa. Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haramun ne, aka sanar da shi cewa ba haramun ba ne, abin dai ba a san shi a ƙasar mutanensa ba, ransa kuma bai karɓe shi ba. Halidu ya jawo ya ci a gabansa, ba a hana shi ba. An kuma ruwaito daga Abu Huraira cewa bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. A nan akwai darasi biyu: barin abin da rai bai karɓa ba babu laifi, amma ba a kushe shi, ba a kuma ƙuntata wa mai ci. Magidanta da yawa sun haddace na farko, na biyun ne ke kuɓuce musu.

Kashi na biyu kuwa harshe ba shi da hannu a ciki. Da harshe ne ke raba abincin maza da na mata, da mata ne za su fi gudun ganye, domin binciken da Linda Bartoshuk ta yi a Jami'ar Yale a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa masu kaifin harshe, waɗanda ɗaci ke yi wa yawa, sun fi yawa cikin mata. Amma ga shi a ƙasar Hausa mata ne ke kewaye kwanon tafasa da rama da zogale. Al'ada ce ta shata wata iyaka wadda ba a rubuta ba: tsire da balangu da shayin bakin titi na maza ne, kwaɗo da ɗanwake da soyayyar fara da sauran kayan kwalama na mata da yara ne. In mai karatu ya duba da kyau zai ga tushen iyakar ba boyayye ba ne. Nama kuɗi ne, kuɗi kuwa a aljihun namiji yake, shi ne kuma ke da damar fita da dare ya zauna gaban tukuba. Mace da ke cikin gida abin da ke kusa da hannunta take sarrafawa, ganyen bayan ɗaki da ƙuli da gari da yaji, ta fitar da abinci daga inda ba a zata ba. Da tafiya ta yi nisa sai abin da hali ya tilasta ya koma kamar halitta. Ba wai maza ba sa cin waɗannan abubuwa ba, leburori da 'yan makaranta kullum suna tare 'yan talla. Magidanci mai jin ya isa shi ne ke gudun a gan shi da su, domin a idon jama'a sun haɗa kamannin mata da kamannin rashi.

Yadda sabon abinci ke samun jinsi cikin ɗan lokaci ya ƙara tabbatar da haka. Awara, wadda ake yi da waken suya, kuma asalinta daga ƙasar Sin, dattawan yau ba su tashi sun same ta ba, amma da yake mata ke soya ta a ƙofar gida nan da nan aka sa ta a layin mata da yara. Taliyar Indomie kuwa ta shigo Nijeriya a shekarar 1988, yara aka fi nufa da tallanta, amma da ta hau teburin mai shayi aka fasa mata ƙwai sai ta zama abincin samari, ƙato ya zauna a benci ya cinye faranti ba tare da jin kunyar kowa ba.

Iyakar ba ta tsaya ga kwano ba, ta bi Malam har kan kayan shafa. Wani hunturu hannuwansa suka yi kaushi, diddigensa ya yi faso har yana jini, auta ta ɗauko man shafawarta ta miƙa masa. Kwalbar ruwan hoda ce da hoton fure a jiki. Malam ya dube ta ya ce, "Uwata, so kike abokaina su ce na kwana a ɗakin amarya?" Ya ba yaro kuɗi ya sayo masa wani a baƙar kwalba, wanda aka rubuta wa cewa na maza ne, kuɗinsa kuma ya ɗara na wancan. Yarinyar ta jera kwalaben biyu tana karanta masa abin da aka haɗa kowanne da shi, layi bayan layi, ba bambanci sai turare da launi. Malam ya saurara har ta gama, ya ce, "Duk da haka dai ba ɗaya ba ne," ya ɗauki baƙar ya shige ɗaki.

'Yan kasuwa sun daɗe da gane wannan rauni, sun kuma san yadda ake mai da shi kuɗi. Alal misali sigarin Marlboro, wanda duniya ta sani da hoton makiyayi bisa doki, a shekarar 1924 da aka fito da shi a Amurka mata aka nufa da shi, ana tallansa da cewa mai sauƙi ne. Da kasuwarsa ta ƙi tafiya, a tsakiyar shekarun 1950 aka sake masa kwali aka ɗora masa hoton jarumin namiji, maza suka yi masa ca, cikin shekara 20 ya zama sigarin da aka fi saye a duniya, alhali cutar da ke cikinsa tana nan yadda take. Haka nan kamfanin Coca-Cola ya fito da lemo mara sukari mai suna Diet Coke a shekarar 1982, sai maza da yawa suka ɗauke shi lemon mata masu neman rage ƙiba. A shekarar 2005 aka fito da wani mara sukarin mai suna Coca-Cola Zero, daga baya aka zuba shi a baƙin gwangwani, aka juya tallansa wajen samari. Launin ma da ake rantsuwa da shi ba daɗaɗɗe ba ne. A shekarar 1918 wata mujallar masu sayar da tufafin jarirai a Amurka ta shawarci iyaye su sa wa ɗa namiji ruwan hoda, 'ya mace kuwa shuɗi, wai ruwan hoda ya fi nuna ƙarfi. Sai wajen shekarun 1940 abin ya juye. Dalilin raba kaya ɗaya gida biyu kuwa a fili yake, gidan da zai sayi kwalba ɗaya sai ya sayi biyu. A gidan Malam namiji ne ya biya kuɗin rabon, amma galibi mata ke biya. A shekarar 2015 hukumar kula da haƙƙin masu saye ta birnin New York ta kwatanta kaya kusan 800 masu nau'in maza da na mata, ta tarar a tsakaice na mata sun fi tsada da kashi 7 cikin 100, a kayan gyaran jiki kuwa da kashi 13.

Abin mamaki shi ne Malam ya fi kowa sanin cewa wannan rabon launi baƙo ne. Shi da hannunsa ya ɗinka manyan riguna na shadda ruwan hoda ba adadi, attajirai suka sa suka tafi Idi ba wanda ya ɗaga ido. Mahaifinsa har ya rasu ba ya fita masallacin Juma'a sai ya sa kwalli, abin da samarin yau da yawa za su ce kwalliyar mata ce. Shi kansa Malam turarensa tun yana saurayi Binta Sudan ne, turaren da wani kamfanin Ingila ya fara haɗawa a shekarar 1920, sunansa na mace, hoton da ke jikin kwalbar na budurwa, amma dattawa da tsofaffin mata kowa na shafawa. Bai taɓa jin kunyarsa ba, domin ya tashi ya ga manya maza suna shafa shi.

Da abin ya tsaya ga man shafawa da an yi dariya an wuce. Amma shekaru suka ja, Malam ya fara yawan ƙishirwa da tashin dare, idonsa yana hazo in zai zura zare a allura. Da aka kai shi asibiti aka auna, sai aka sami ciwon sukari da hawan jini. Likita ya rubuta magani, ya ce a bar sukari, a rage tuwo da gishiri da kitse, a yawaita ganye. Auta ta ƙara masa bayani a gida, cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a yini, gishiri kuwa kada ya kai giram 5, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya. Ta ce zogale da rama da alayyafo ga su nan a kasuwa kamar banza. Malam ya ce shi ba akuya ba ne. Ta ce, "Baba, ai kukar da kake sha kullum ita ma ganye ce, shanya ta aka yi aka daka." Ya ce wannan dabam.

Rabin umarnin likita Malam ya bi. Ya bar sukari, ya bar tsire, ya rage tuwo, amma ya ƙi sa komai a gurbinsu. Tukwanen uwargida suka koma uku, tana ta gwada wannan da wancan, kwano yana dawowa yadda ya tafi. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Wata rana ya sha maganinsa ba tare da ya ci abin kirki ba, sukarin jininsa ya faɗi, ya yanke jiki a sahu bayan sallar la'asar, maƙwabta suka ɗauko shi ranga-ranga. Allah ya sa auta tana gida, ta san abin yi, ya farfaɗo. A daren nan uwargida ba ta runtsa ba, tana ta tuhumar kanta wai ita ce ta kasa gano abin da zai iya ci.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan kamar mako biyu, mata suka fita suna maƙwabta da azahar, auta ta dawo ɗaukar jakarta da ta manta. Tana shiga tsakar gida sai ta hango mahaifinta tsugune a bakin madafa, ya juya wa ƙofa baya, ya buɗe kwanon kwaɗon ramar da ta rufe ta ajiye wa kanta, yana ci hannu baka hannu ƙwarya. Ta yi niyyar ta koma da baya, takalminta ya tona mata asiri. Malam ya waiwayo, ƙuli a gemunsa. Suka yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Uwata, yau kin kama ɓarawo." Ta durƙusa nesa kaɗan ta ce, "Baba, ɗa ba ya sata a kwanon mahaifiyarsa."

Wannan magana ce ta buɗe bakinsa. Ya ce mahaifiyarsa sana'arta ke nan, kwaɗon rama take yi ana kai mata talla, shi kuwa a gindinta ya tashi, kwanonsu ɗaya. Bayan an yi masa kaciya aka mai da shi zaure cin abinci da maza, amma yakan sulale ya koma wurinta. Wata rana ƙanen mahaifinsa ya kama shi tsakiyar mata da hannu cikin kwano, ya ja kunnensa har ƙofar gida, ya kira shi namamajo a gaban sa'o'insa. Sunan ya bi shi makarantar allo, ya bi shi dandali, sai da ya yi dambe ya fi a ƙirga kafin ya rabu da shi. Tun daga ranar bai sake cin kwaɗo a gaban mutum ba, kuma don kada a zarge shi sai ya zama shi ne kan gaba wajen kushe shi. Ya ce, "Fiye da shekara 50 ke nan, kuma ba ranar da aka yi kwaɗo a gidan nan ban ji ƙamshinsa daga zaure ba." Baffan nasa ya daɗe a ƙasa, yaran da suka yi masa dariya rabinsu sun mutu, amma har ranar nan su ke zaɓa masa abin da zai ci.

Da uwargida ta dawo ta ji labari ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Malam, da ka faɗa tun tuni, ai da itacen da na ƙona ya isa gina ɗaki." Auta, da ta ga bakin kowa ya buɗe, sai ta ce, "Inna, ke fa, mene ne ba kya so?" Tsohuwar ta yi jim, kamar wadda aka tambaya da wani harshe, sa'an nan ta ce tun tana budurwa warin soyayyen man shanu ke tayar mata da zuciya. Shi kuwa take soyawa kowane maraice tun ranar da aka kawo ta gidan, kuma a ranakun da cefane ya gaza aka yi tukunya ɗaya, ta Malam ake yi, ita ma ta ci. Malam ya buɗe baki zai ce me ya hana ta faɗa, sai ya tuna bai taɓa tambaya ba, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Ba a ce komai ya gyaru a dare ɗaya ba. Malam ya fara cin kwaɗon rama da na zogale a cikin ɗaki, an rage musu gishiri, jikinsa ya soma dawowa, yana shan maganinsa a kan ƙa'ida. Kai kwanon zaure kuwa sai da aka yi watanni. Ranar da ya fitar da shi wurin ciyayya, ɗaya daga cikin abokansa ya ce ashe Malam ya shiga sahun mata. Wani kuma, wanda shi ma likita ya hana shi kitse, bai ce uffan ba, ya gyara zama ya sa hannu. Ɗanyar kuɓewa da karkashi har gobe Malam ba ya sha, ba kuma wanda ke matsa masa, domin kowa ya shaida wannan daga jikinsa ne. Man shafawa kuwa yana nan a kan baƙar kwalbarsa, auta ta gaji ta ƙyale shi.

Masu karanta wannan mujalla yawancinsu magidantan gobe ne da iyayen giji na gobe, wasu kuma sun riga sun zama. Babu wanda ba shi da abin da ba ya ci, ko abin da ba ya saye, kuma ba a neman kowa ya tilasta wa ransa abin da yake ƙi da gaske. Abin da ya kamata shi ne, duk lokacin da mutum ya janye hannu daga kwano, ko ya tsallake wata kwalba a kanti ya ɗauki ta kusa da ita, ya tambayi kansa wa ya janye masa hannun, harshensa ne ko idon mutane. In harshe ne, ya bari cikin ladabi, ya kuma tuna cewa wadda ke gaban murhu ita ma tana da nata harshen. In kuwa ido ne, ya lissafa abin da yake biya, a kuɗi da lafiya da wahalar wani, don ya faranta wa mutanen da watakila ba sa ma kallonsa.

A gidan Malam yanzu wuta ɗaya ake hurawa, sai fa ranar kuɓewa, ita ce ake sauko da ƙaramar tukunya daga inda aka kife ta. Man shanu kuwa an daina soya shi a miya. Ana zuba kaɗan a ɗan ƙaramin kwano a ajiye gefen Malam, in yana so ya ɗiga da kansa.